Hayatu da Ƙarin da Ya Ƙi Sa wa Hannu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari, ana ce masa Hayatu. Ku saurara, ku bar latsa wayar nan, da ku nake!

Hayatu na cikin masu kula da wata manhaja ta kyauta, irin wadda shafukan intanet ke zaune a kanta. Asibitoci na amfani da ita, makarantu ma haka. Kowa na iya rubuta ƙari ya turo, amma ƙa'idarsu, ba a haɗa shi sai mutum uku sun karanta sun rubuta "na duba". Makullin haɗawar kuma yana hannun Hayatu.

Ran nan Injiniya Bawuro, wanda ya koya wa Hayatu aikin, ya turo ƙarin da zai ƙara wa manhajar sauri. Kafin azahar mutum biyu sun rubuta "na duba". Wallahi ba su duba ba! Sunan babba suka gani, suka sa hannu.

Hayatu ya bi ƙarin layi-layi, kwana uku. Sai ya tarar ƙarin yana barin lambar sirrin mutane a fili. Kowane ɓarawo zai iya buɗe takardun marasa lafiya ya karanta.

Hayatu ya kira Bawuro ya ce, "Malam, akwai ɓaraka. Ba zan haɗa ba sai an gyara."

Bawuro ya ce, "Kai Hayatu! Aikina za ka tsayar? Wa ya koya maka?"

Ya ce, "Kai ne, Malam. Kai ka hana ni sa hannu a abin da ban karanta ba."

Jama'a, sai aka yi wa Hayatu ca. Wai ya raina manya, ya cika taurin kai. Sauran masu kula da manhajar suka ƙwace makullin. Hayatu bai tona asirin malaminsa ba. Ya zauna ya toshe ɓarakar, ya aika masa a ɓoye. Bawuro ya turo gyaran a matsayin nasa, aka haɗa, aka yi ta yaba masa.

Kuna jira in ce an mayar wa Hayatu makulli? Ba a mayar ba! Ko na gode bai samu ba, kuma abin nan yana ƙona min rai. Amma sirrin marasa lafiya bai fita ba.

Sa hannu shaida ce, shaida kuma amana ce. Kai ma'aikaci, ke malamar asibiti, takarda nawa kuka sa wa hannu makon nan don kunyar mai ita? Ranar da za a tambaye ku, mai takardar ba zai tsaya muku ba. "Na duba" kuka rubuta. To, kun duba?