Ranar da Ladidi Ta Ware Wutarta

An yi wata mata a garinmu, Ladidi mai ƙanƙara, wadda ta gaji da ɗauke wuta har ta kafa farantan sola a rufin gidanta. Da wutar ta yi mata yawa, sai ta sa aka haɗa ta da layin unguwa. Abin ya tsone wa manajan kamfanin wuta ido, ya kai ƙararta gaban hakimi.

"Ranka ya daɗe," in ji manaja, "wutarta ta gauraya da tamu a waya ɗaya. Ta ware tata yau ɗin nan, ko mu kwashe farantan."

Hakimi ya ce, "Kin ji, Ladidi. Sai ki ware."

Ga shi kuwa da ƙanƙarar nan take ciyar da 'ya'yanta. Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, in na ɗauke tawa, abin da ya rage a wayar nasu ne ko?"

"Namu ne mana!" in ji manaja.

Ta tsallaka titi zuwa gidanta, ta kashe na'urar solarta, ta dawo. Ta tarar fankar zauren hakimi ta tsaya cak, injin markaɗen maƙwabta ya yi tsit, hakimi yana share gumi da bakin rawani.

"Manaja, ina taku wutar?" in ji hakimi.

"Ranka ya daɗe, ana gyara ne, tun watan azumi."

Hakimi ya juya ga Ladidi. "Baiwar Allah, je ki sake gauraya su."

Ta durƙusa ta ce, "To, ranka ya daɗe. Amma da me zan gauraya?"