Mai Shela da Jakin Baba Mairumbu

Akwai wani mutum a wani garin manoma, sunansa Gayus, aikinsa shela. Ba shelar sarki yake yi ba, ba kuma tallar 'yan kasuwa ba. Mutanen garin ne da kansu suka zauna suka ce sun gaji da "an ce, an ce". Suna son mutum guda wanda zai je ya gani da idonsa, ya dawo ya faɗa musu. Sai suka zaɓi Gayus, domin tun yana saurayi ba a taɓa kama shi da ƙarin gishiri a zance ba.

Kowace Laraba, ranar kasuwa, yakan hau wani kututture a gindin tsamiya, ya buga kugensa na ƙarfe sau uku, jama'a su taru. Sai ya ce gada kaza ta karye, kada a bi ta can da kaya. Ko ya ce ciwon awaki ya shiga ƙauye kaza, a yi hankali da sayen dabba daga can. Da yake yawon nan ba ya barinsa ya yi noman kirki, garin ne ya ɗauki cinsa. Da kaka wannan ya kawo dami, wancan ya kawo ƙwaryar wake, wata tsohuwa ta aiko da daddawa a ganye. Ba wanda aka tilasta wa, kowa da abin da zuciyarsa ta ba shi.

Ana nan sai gwiwoyin Gayus suka fara yi masa gardama, ƙauyuka masu nisa suka soma gagararsa. A garin kuwa akwai wani dattijo da ake kira Baba Mairumbu, wanda rabin gari ke sayen irin shuka a wurinsa. Kada ku ɗauka mugu ne, gama mutum ne mai buɗaɗɗen hannu. Da ya ga Gayus yana ɗingishi, ya aika masa da jaki ƙosasshe, har da akumari. Jakin nan yana da murya, in ya fara kuka sai kaji sun watse. Gayus ya yi murna ƙwarai, ya riƙa kaiwa inda bai taɓa kaiwa ba.

Wata rana, bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, Gayus ya isa wani ƙauye a bakin rafi. Wata mata mai lambu ta tare shi, ta ce, "Malam, zo ka gani. Gyaɗar nan a wurin Baba Mairumbu na saya, na shuka, ina ta ban ruwa kwana goma, ga shi kamar na binne tsakuwa."

Gayus ya duba, ya ga haka ne. Amma ya san bakin mutum ɗaya bai isa a hau kututture da shi ba. Da ya koma gida ya aiki matarsa Rifkatu ta sayo mudu ɗaya na irin, kamar kowane mai saye. Ya samo tsofaffin kasake biyu, ya cika su da ƙasa iri ɗaya. A ɗaya ya shuka ƙwaya ashirin na Baba Mairumbu, a ɗayan ashirin daga 'yar gyaɗar da Rifkatu ta ajiye da ɓawonta. Ya yi ta ba su ruwa safe da yamma. Bayan mako guda, kaskon Rifkatu ya yi kore shar, na Baba Mairumbu kuwa uku ne kawai suka ɗago kai.

Ranar Talata ce, gobe kasuwa, gobe kuma mutane za su fara sayen iri. Gayus ya zauna ya zuba wa kasaken ido. Idan ya yi shiru, rabin gari zai shuka gyaɗar da ba za ta fito ba, kafin su gane kuwa lokacin shuka ya wuce. Idan ya yi magana, ya ɓata da mutumin da ya ɗauke masa wahalar tafiya. Har ya fara lallashin kansa cewa labarin gada da na awaki ma sun isa shelar gobe. Ba fa wanda ya ce masa ya yi shiru. Jakin ne kawai yake ta kuka a bayan gida.

Rifkatu ta leƙo daga madafa ta ce, "Baban Lami, ko dai maganar mutane ce ta kama ka, in baki ya ci, ido sai ya ji kunya?"

Ya ce, "Kunyar kam ina jin ta har ƙafata."

Ta ce, "To, ka ji ta a gaban mutum ɗaya yau, ya fi ka ji ta a gaban gari duka da kaka."

Gayus ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ɗora kasaken a kan jaki, ya nufi gidan Baba Mairumbu, gama bai ga daidai ba ne dattijon ya fara jin zancen a bakin kasuwa. Ya same shi a ƙofar sabon ɗakin ajiyarsa mai rufin kwano, wanda yake alfahari da shi. Suka gaisa, Gayus ya sauke kasaken a gabansa, ya faɗa masa kome daga farko.

Fuskar dattijon ta canza. Ya ce, "Shekara talatin ina sayar da iri, ba a taɓa dawo mini da ko ƙwaya ɗaya ba. Ƙasarka ce ba ta da kyau, ɗana."

"Baba, ƙasa ɗaya ce a kasaken nan biyu."

"To, ka bari ruwa ya sauka, mu ga mai gaskiya."

"In ruwa ya sauka, Baba, an riga an shuka."

Ran dattijon ya ɓaci. Ya dubi jakin, ya dubi Gayus, ya ce, "Kai ba ka san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski ba?"

Maganar ta soki Gayus, har idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ran da ka aiko da shi kyauta ka ce, ba ka ce lada ba. Alherinka ba zan manta da shi ba har in mutu. Amma gari ne ya sa ni aikin nan, kai ma kana cikin garin. Ka faɗa mini abin da kake so in ce ka ce, zan faɗe shi yadda ka faɗa."

"Ka ce na ce irina lafiya lau yake!"

Gayus ya ɗaure jakin a turken ƙofar gidan. Ya ɗora kasko ɗaya a ka, ya rungumi ɗaya, ya kama hanya a ƙafa yana ɗingishi.

Kashegari ya hau kututture ya buga kuge. Ya ba da labarin gada, ya ba da na awaki, sa'an nan ya ce, "Jama'a, kun san jakin da nake hawa Baba Mairumbu ne ya ba ni. Na faɗa muku ne don ku auna maganata da kyau. Na gwada irin gyaɗarsa na bana, cikin ashirin uku ne suka fito, ga kasko kowa ya zo ya gani. Na je na same shi, ya ce irinsa lafiya lau yake. Gyaɗa kaɗai na gwada, ban kuma san abin da ya same ta ba."

Amma kun san halinmu. Kafin rana ta yi tsaka, zancen ya yi 'ya'ya da jikoki. Wani ya ce dawar Mairumbu ma ta mutu. Wata ta ce da gangan ya yi, wai dafa irin yake yi don a sake dawowa saye. Mutumin da jiya ake rusuna masa, yau aka bar shi da buhunansa, ko mai tayawa babu. Gayus ya ji zafin wannan sosai, gama ba abin da ya faɗa ke nan ba. Ya taka har rumfar dattijon a gaban kowa, ya sayi dawa da gero da wake, kaɗan kaɗan. Baba Mairumbu ya auna masa.

Rifkatu ta bi maƙwabta ta aro duk wani fasasshen kasko da ke unguwar, har tsakar gidansu ta zama kamar lambu. Da Laraba ta kewayo, mata uku ne suka taya su ɗaukar kasaken zuwa gindin tsamiya. Gayus ya buga kuge da ƙarfin da bai taɓa bugawa ba, ya ce, "Ku zo ku gani! Dawar Baba Mairumbu ta fito duka, geronsa ya fito, wakensa har yana rige-rige. Masu cewa dafa iri yake yi, na bi zancen gida gida, ban sami wanda ya gani ba, kowa cewa yake an ce."

Wani tsoho ya ce da ƙarfi, "Mutumin da bai rufa wa wanda ya ba shi jaki asiri ba, ba zai yi mana ƙarya don a sayi dawa ba." Sai kasuwa ta juya ta nufi rumfar dattijon, har ana ture-ture.

Ana cikin haka sai aka ji wata murya da kowa ya sani, kaji suka watse. Ga Baba Mairumbu yana jan jaki, da nasa kaskon a hannu, ba kome a ciki sai tsiro biyu. Ya tsaya gaban kututture ya ce, "Jama'a, na gwada da hannuna don in ƙaryata yaron nan, sai na ƙaryata kaina. Ɓare gyaɗar na yi da wuri, na jibge ta ƙarƙashin kwano duk bazara, zafi ya kashe ta. Da ita zan shuka gonata ma." Ya juya wurin Gayus ya ce, "Ɗana, makon jiya na so bakinka ya zama nawa. Da ya zama nawa, da yau ba wanda zai saurare shi, da ni ma na tafi tare da gyaɗar. Karɓi jakinka. Domin gwiwarka na ba ka shi, in ka sake ganin wani abu a rumbuna, ka hau shi ka zo ka faɗa."

Kasuwa ta ɗauki sowa, mata suka rangaɗa guɗa. Wata mai ƙuli-ƙuli ta kutsa ta ce, "Baba, gyaɗar da ta ƙi tsiro ai ba ta ƙi mai ba, a auna mana!" Kafin la'asar masu ƙuli sun kwashe ta tas. Masu 'yar ajiyar gyaɗa da ɓawo suka rarraba wa waɗanda ba su da ita, kowa ya sami abin shukawa. Gayus ya hau jakinsa yana dariya yana share hawaye, Rifkatu tana biye tana yi masa tsiya cewa a mayar wa mutane kasakensu.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Gayus shi ne duk wanda aka danƙa wa amanar kai labari. A zamaninmu akwai gidajen rediyo da jaridu waɗanda ba riba suke nema ba, gudummawar masu alheri ce take riƙe da su, kuma waɗansu 'ya'yanmu a can suke aiki. Jakin shi ne gudummawar. Karɓarta ba zunubi ba ne, gama mai ciwon gwiwa yana bukatar abin hawa. Amma ka faɗa wa jama'a wanda ya ba ka, ka gwada zance kafin ka yaɗa shi, ka je ka ji ta bakin wanda abin ya shafa, ka tsaya daidai inda saninka ya tsaya. Ku lura kuma, jarabar ta fara kama Gayus tun yana zaune a gidansa, kafin kowa ya roƙe shi kome. Sau da yawa mai bayarwa bai ce mu yi shiru ba, mu ne muke yi masa shirun tun bai tambaya ba.

Mu kuma da muke tura duk abin da ya shigo wayarmu, kada mu yi saurin cewa mu ne Gayus. Yawancinmu muna cikin 'yan kasuwar nan da suka mai da gyaɗa ta zama dawa. Ubangiji ya gafarta mana.

Kai kuma mai bayarwa, Allah ya ƙara buɗi, gama ba don irinka ba da labari bai kai ƙauye ba. Sai dai ka bayar yadda Ubanmu na sama yake ba mu ruwan sama, ba ya ɗaura masa igiya. Wata rana za a yi maka ƙage, kamar yadda ake yi wa kowa, za ka kuwa nemi wanda zai tsaya ya wanke ka. A ranar nan bakin da ka saya ba zai amfane ka da kome ba, sai wanda ka bari ya faɗi gaskiya a kanka lokacin da take da ɗaci. Allah ya ba mu irin wannan baki, ya ba mu kuma zuciyar da za ta ciyar da shi da murna. Amin.