Ruwan Ɗumin Gidan Lado

Akwai wani tsohon masauki a unguwar Karantina da ke Jidda, ana ce masa Gidan Lado. Malam Lado da ya gina shi, da ƙafa ya zo aikin hajji, ya iso duk ƙafafunsa sun tsattsage. Shi ya sa ya kafa ƙa'ida: baƙo in ya shigo, kafin a tambayi sunansa sai an kawo masa ruwan ɗumi da gishiri ya tsoma ƙafa.

Bayan rasuwarsa, 'yarsa Hajiya Turai ta riƙe gidan har ta tsufa. Tukunyar ruwan ba ta taɓa hucewa ba.

Da aka rushe unguwar, ɗanta Badr ya sayar wa 'yan gwangwan tukunyar, ya mayar da mahaifiyarsa wani bene a unguwar Kurayyat. Ma'aikacin kamfani ne, kuma tun yana yaro yake jin kunyar abokansa su ga uwarsa durƙushe gaban ƙafar baƙo.

Kullum da la'asar Turai takan ɗora buta, ta zauna tana kallon ƙofa.

"Ummi, halas, ya isa haka," in ji Badr. "Wa zai zo?"

"Za su zo. Hanya ce ba su sani ba."

Gaskiya ta faɗa. Tsofaffin baƙinta sun yi ta kiran Badr a waya. Wata Dela, mai sayar da abinci kusa da unguwar masana'antu ta Jidda, har wurin aikinsa ta je.

"Ɗana, ina ka kai mana Hajiya? Gaisuwa kawai zan yi."

"Ba ta son hayaniya yanzu," in ji shi. Ya san Dela ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba ya so maƙwabta su gan ta a ƙofarsa.

Wata rana Turai ba ta ɗora butar ba. Ta ce masa, "Ka yi gaskiya, sun manta." Bai musa ba. Kafin azumi ta rasu.

Da aka kai ta ɗakin wankan gawa na masallaci, Badr ya tarar da mutane cike da bakin ƙofa, tsofaffi da masu kayan aiki a jiki. Dela na gaba, riƙe da filas na ruwan ɗumi.

"Na iso garin nan ƙafata na jini, ita ta wanke min," ta ce. "Bar ni in shiga."

Ya matsa gefe.

Da ta fito tana goge hannu da mayafi, ta tsaya gabansa.

"Ɗana, ta taɓa tambayar mu kuwa?"

Badr ya daɗe yana kallon filas ɗin.

"Kullum da la'asar," ya ce.

Darasi: Kada ka ji kunyar alherin da iyayenka suka saba yi, kuma kada ka raba tsoho da mutanen da ke ƙaunarsa. Gida in ya rushe ana gina wani, amma ziyarar da ka hana ba ta ramuwa bayan mutuwa. Ka tura wa wanda iyayensa ke raye.