Gaisuwar Ciroma Mai Kalma Ɗaya

An yi wani sarki mai adalci da saurin fushi, ana ce masa Sarki Barau. Ɗansa Ciroma Nagwamatse ya dawo daga ƙasar Turawa, ya shigo fada ana zaune, bai cire takalmi ba, ya ɗaga wa ubansa hannu ya ce, "Wasof?" ya wuce abinsa.

Sarki ya kira Waziri Ɗantsoho ya ce, "Fassara mini wannan kalma. In zagi ce, yau zan tuɓe rawaninsa in kore shi."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ma'anarta me ake ciki. Asalinta kuwa, mutanen can kullum sauri suke, sai suka tattara ina kwana da ina gajiya da ya iyali, suka dunƙule su loma ɗaya. Tsara ke faɗa wa tsara, kuma ba a jiran jawabi."

Sarki ya ce, "Ya taya kaya ya tafi bai ji sallama ba? Wannan ai wulaƙanci ne!"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"To ga shi tun safe dogarai ke matsa maka baya kana nishi. Mu ma tambayarmu ba jawabin gaskiya take nema ba. Tamu dai doguwa ce, kuma da durƙuso."

Sarki ya gyara zama da ƙyar, ya ce, "Duk da haka, ni tsaransa ne? Kora!"

"A rage mana, ya shugaba. A yi masa faɗa."

"Albarka."

"To a karɓe dokinsa."

"Albarka, Waziri. Ƙara dai."

"A bar masa rawani, amma kullum safiya ya gaida mutanen fada ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe, ya tsaya ya ji amsa har ƙarshe."

Sarki ya ce, "Na sallama."

Washegari Ciroma ya fara da Jakadiya Tabawa. Ya ce ina kwana, ita kuwa ta ba shi labarin ciwon gwiwarta tun daga asalinsa, har aka kira azahar yana durƙushe.

Sarki ya yi dariya har bayansa ya saki, ya ba Waziri alkyabba, ya ce, "Mai hukunci ya fara tambayar ma'ana, ya kuma zauna ya ji amsa kafin ya taɓa rawanin kowa."