Goɗiyar da Mederbek Ya Yanka wa Baƙi

Ku zauna ku duka, ku ajiye wayoyin nan. Maganar ɗan kawunku Mederbek ce, gara ku ji ta daga bakina kafin 'yan kasuwa su ƙara mata gishiri.

Mederbek yaro ne mai sakin hannu, wannan ba mai musu. Aibinsa guda ne, ba ya tambaya. Abin da ya yi masa daɗi, a ganinsa ya yi wa duniya daɗi. A jami'arsu ta nan Osh akwai 'ya'yanmu Kirgiz, akwai Uzbek, ga kuma 'yan Indiya da 'yan Pakistan masu karatun likita, waɗanda ba sa shiga sabgar kowa, kowa ma ba ya shiga tasu. Bayan wani faɗa da aka yi a ɗakunan kwana, sai hukumar jami'a ta ware kuɗi don a yi walimar zumunci, a zauna a shimfiɗa ɗaya a san juna. Aka ce in ta yi kyau za a riƙa yi duk shekara. Aka damƙa aikin a hannun Mederbek, don shi ne shugaban ɗalibai.

Mataimakiyarsa, wata 'yar Uzbek mai suna Nigora, ta ba da shawarar a raba kuɗin, kowace al'umma ta dafa nata ta kawo. Ya ce an ba da kuɗi don a haɗa mutane, ita kuma tana neman raba tukwane. Ta ce to aƙalla a kira baƙin a ji abin da suke ci.

"Baike, yayana, kai ka taɓa leƙa tukunyarsu kuwa?"

"Wa yake tambayar baƙo abin da zai ci? Sai ka ce mai gidan abinci. Ke dai ki nemo mana farantai."

Kuɗin jami'a sun isa a sayi shinkafa da raguna, kowa ya ci ya ƙoshi. Amma shi walimar da za a daɗe ana labarinta yake so. Sai ya hau dutse, can ƙauyensu, wajen ubansa Toktosun, ya roƙi goɗiyarsa mai ƙiba, wadda gidan ke shan nononta duk bazara. Da fari tsohon bai so ba. Da ya ji baƙi ne daga ƙasashe masu nisa, kuma shi zai sa albarka a kan shimfiɗar, sai ya tashi ya kwance ta da hannunsa.

Ranar walima Toktosun ya sauko da farar hularsa, aka zaunar da shi a wurin manya. An dafa naman da taliya. Shinkafar ma da kitsen goɗiyar aka yi ta, har ƙullun da aka soya a cikinsa aka soya shi, don Mederbek ya ce kada a bar komai ya lalace. Baƙi suka zo cikin kayansu na ado. Tsoho ya ɗaga hannu ya sa albarka, aka shafa.

Wani ɗan Pakistan ya tambayi naman mene ne. Da aka gaya masa sai ya yi dariya, ya ce su a wajensu hawansa ake yi. Ya janye hannu, 'yan'uwansa ma suka janye. 'Yan Indiya kuwa da yawansu ko rago ba sa ci. Suka riƙe kofunan shayi suna murmushi.

Mederbek ya ɗauka kunya ce. Kun san al'adarmu, babba kan cika hannu da nama ya sa wa saurayi a baki don girmamawa. Aikin ubansa ne wannan, amma bai jira shi ba. Ya damƙo nama ya nufi wani siririn ɗan Indiya mai suna Hiren, wanda tun kakanninsa nama bai taɓa shiga gidansu ba. Hiren ya haɗa tafukansa, ya ce a cikin guntun harshenmu da ya koya, ya gode, ba ya ci.

"Buɗe baki, likita, ai ba allura ba ce."

Samarinmu suna tafi suna dariya. Mederbek ya riƙe masa ƙeya ya tura hannu. Hiren ya datse haƙora, amma kitsen ya shafi leɓensa. Ya miƙe, ya goge baki da hannun riga, ya fita bai kalli kowa ba. 'Yan ƙasarsa suka bi shi, 'yan Pakistan ma suka bi. Samarinmu suka taso suna cewa wanda ya ƙi abincinka ya ƙi ka, saura ƙiris a ba hamata iska a bakin ƙofa. Malamai ne suka shiga tsakani, aka watse, farantai cike.

Hukumar jami'a ta sauke Mederbek daga shugabanci, ta ce ba za a sake ware kuɗin walima ba. Baƙin da a da suke ɗaga wa yaranmu hannu, yanzu hanya suke sakewa. Hiren ya nemi a mai da shi wata jami'a in zango ya ƙare.

Toktosun bai ci ko yanka ɗaya ba. A tashar mota Mederbek ya riƙe masa jaka yana cewa ba laifinsa ba ne, su ne ba su san girmamawa ba.

"Ata, babana, goɗiya guda fa muka yanka musu."

"Goɗiya za a haifi wata. Amma tun zamanin kakana baƙo bai taɓa tashi da yunwa daga shimfiɗar da muka sa wa albarka ba, sai yau. Kada ka hau dutse sai wanda ka kora ya ci ya ƙoshi a hannunka."

Ya karɓi jakarsa ya shiga mota.

Darasin a fili yake. Karamci ba a yawan abin da ka yanka yake ba, a abin da baƙo ya iya haɗiyewa yake. Wanda ya ce zai haɗa mutane bai tambaye su ba, kansa yake yi wa biki, ko da kuɗin wa ya yi. Tambaya ba ta rage wa mai gida girma, kuma alherin da aka tura da ƙarfi ya tashi daga alheri. Ga Mederbek can a ɗakin baya, har yau yana cewa shi aka wulaƙanta, zango kuma ya kusa ƙarewa. Ku ne sa'o'insa, ya fi jin taku. Ku shiga ku raba shi da wannan gardama, ku raka shi wajen yaron nan Hiren tun bai haɗa kayansa ba.