Ƙulli Huɗu a Bakin Mayafin Tasalla

An yi wata baiwar Allah a wani gari, Tasalla sunanta, daddawa take yi. Ku matso, 'yan nan, na baya ba sa ji. Mace ce da ko akuyarka ta shiga gidanta ta yi ɓarna, ita za ta ba ka haƙuri.

Sai Allah Ya jarrabe ta da ciwon daji a mama. Likita ya zaunar da ita ya ce hanya biyu ce: ko a fara yi mata aiki a cire, ko a fara sa mata ruwan magani ta jijiya ƙullutun ya ragu tukuna. Ya yi ta bayani, ita kuma tana ta "To, likita. To, likita." Ya ce ta je ta yi shawara ta dawo ranar Alhamis.

A hanya 'yarta Saude ta ce, "Inna, me kika gane?"

Ta ce, "Wallahi ban gane komai ba. Na dai ga yaron kirki ne, ya gaji, na ji nauyin in sa shi ya maimaita."

Ku saurara fa. A gida kuma kai ya ƙara ɗaurewa. Yayanta Ilu ya zo da ƙullin garin magani ya ce, "Daji ba ya son ƙarfe. Wuƙa na taɓa shi zai watsu. Ki riƙa shafa wannan, kuma kada ki gaya wa likita, faɗa zai yi." Maƙwabciya ta ce ruwan nan gashi yake zubarwa. Wata ta ce a'a, aikin ne ke zubar da shi. Tasalla ta bi wannan da "to", ta bi waccan da "to". Ta shafa maganin Yaya Ilu kwana biyar, wurin ya saɓule, ga kuma wani sabon ƙullutu a hammata. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da hantsi tana shanya kalwa, ta ce, "Saude, ni ban iya rubutu ba, kuma da na ga farar rigar nan komai guduwa yake daga kaina." Sai ta kama bakin mayafinta, kowace magana ta yi mata ƙulli guda. Ƙulli huɗu ta yi.

Saude ta yi dariya. "Inna, sai ka ce mai zuwa cin kasuwa."

"Yi dariyarki. Ke da biro, ni da mayafi."

Alhamis suka shiga. Likita ya ce, "Mama, yaya jiki?"

Ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Kun san mu dai.

Ta kwance na farko. "Wai da gaske in ƙarfe ya taɓa shi watsuwa yake?" Ya ce a'a, barinsa ne ke ba shi damar yaɗuwa. Ta kwance na biyu. "Wanne ne mai zubar da gashin, kuma yana dawowa?" Ya ce ruwan ne, kuma yakan dawo. Na uku: "Zan iya tsayawa kan tukunyata?" Ya ce wasu ranaku za ta iya, wasu sai Saude.

Ta zo kan na huɗu, ta tsaya. Ta juya shi, ta murza shi. "Saude, wannan na mene ne?"

"Ni na ɗaura, Inna?"

"Ko na goro ne? A'a, ban sa goro ba. Likita, ka gafarce ni, ya ɓace mini."

Ya ce, "Ba komai. Tunda kin ce da sauƙi, ba wani sabon abu, sai mu sa ranar aiki wata mai zuwa." Ya ɗauki biro.

Tasalla ta kalli biron nan. Ta tuna. Ƙullin nan ba tambaya ba ne, maganar da take gudu ce. In ta faɗa, ta tona yayanta, ta kuma ƙaryata bakinta a gaban yaron da ta haifi kamarsa. In ta yi shiru, za a rubuta rana a kan maganar da ba haka take ba.

Ta ce, "Ajiye biron, ɗana. Babu sauƙi. Gaisuwa ce na amsa maka. Na shafa maganin gida wurin ya saɓule, kuma wani ya fito a hammata."

Bai yi faɗa ba. Ya duba, ya ce wannan ba ta jiran wata guda ba ce, a makon nan za a sake gwaji a fara ruwan. Ya maimaita mata har sau uku, ita ma ta maimaita masa da bakinta, sannan ta ce ta yarda.

To, jama'a, gaskiya ba a ciniki kaɗai take ba. "Da sauƙi" ta mai zuwa dubiya ce, a amsa masa da ita. Amma mai yi maka magani, da abin da ka gaya masa zai yanke shawara a kan ranka. In za ku je, ku shirya tambayoyinku tun daga gida, ku tafi da wani naku. In ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba, abin da kuka sha ko kuka shafa ku faɗa. Kuma maganar da kuka fi jin kunyarta, kada ku bar ta a ƙullin ƙarshe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku ce amin.