Koren Murjani a Hannun Muntaka

A Matameye an yi wani manomi ana ce da shi Muntaka. Ba raggo ba ne, ba ya kuma taɓa kayan mutane, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Idan ya shuka gero yau, jibi za ka tarar da shi yana tone ramin don ya ga ko ya tsira. Matarsa Baiwa ta yi magana har ta gaji ta zuba masa ido.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbun Muntaka bai ga abin kirki ba. Ba a jima ba sojoji suka karɓe mulki a Yamai. Mutanen gari suka ji a rediyo, suka ci gaba da zama a inuwa, domin yunwa ba ta bar musu ƙarfin mamaki ba. Ana cikin haka kawunsa Idrisa ya aiko daga Legas, ya ce ya zo ya riƙe masa aiki wata biyu, shi zai dawo gida jinyar ƙafa.

Aikin kuwa a gidan wani attajiri yake. Akwai wani ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da 'yan kifaye a ciki, da murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da dutse mai rassa, kore shar. Da kula da wannan akwati Idrisa yake ciyar da iyalinsa, yanzu kuma gidan Muntaka ma ya rataya a kansa.

Muntaka ya isa Legas. Kafin Idrisa ya kama hanyar gida, ya tsayar da shi gaban akwatin ya ce, "Ka ga fitilar nan ta sama? Kada ka ƙara mata ƙarfi. Abincin kifi, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ruwa kuwa bokiti ɗaya kake canzawa ran Juma'a, da gishirinsa a aune. In ka ga launinsa ya sauya, ka bar shi, ka kira ni."

Muntaka ya ce, "To, Kawu. Ai ba wuya."

"Wuyarsa ɗaya ce, ka iya barin abu."

Mako uku Muntaka yana bin umarni. Yakan zauna yana kallon murjanin, yana tuna gonarsa a shekarun da ake samun damina. Wata safiya sai ya ga kamar reshe ɗaya ya ɗan koɗe. Ga shi maigidan ya yi tafiya, ya kusa dawowa, Muntaka kuma yana so ya tarar da abin ya fi kyau a hannunsa, ko a ɗauke shi aiki na dindindin. Sai ya yi lissafin manoma: shuka in ta koɗe, taki take so. Ya riƙa zuba abincin kifi da tafin hannu.

Kafin mako ya zagayo ruwan ya gurɓace, koren ya koma ruwan ƙasa. Waya tana aljihunsa, amma bai kira kawunsa ba, don kunya da ganin zai iya gyarawa kafin a sani. Ya murɗa fitilar har ƙarshe, ya kwashe rabin ruwan ya zuba sabo, gishirin ma da ido ya auna. A rana ta uku kawunan rassan suka yi fari, fatar da ke jikinsu ta fara saɓulewa. Ranar da maigidan ya dawo, murjanin ya zama fari fat kamar ƙashi.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka tafi. Ka gaya wa kawun naka shi ma kada ya dawo."

Muntaka ya tsinci wani karyayyen reshe ya jefa a jaka, shi kansa bai san dalili ba. A shingen sojoji na shiga Matameye wani soja ya zaro shi ya ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Dutse ne." Aka mayar masa. Ko tsoro bai ji ba, ko baƙin ciki, zuciyarsa ta yi shiru kawai.

Ya tarar da Idrisa a kan tabarma, ƙafa a ɗaure. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe.

"Ka ƙara wuta?"

"Na ƙara, Kawu."

"Shekara goma sha ɗaya ban taɓa makunnin nan ba," in ji Idrisa. Ya juya fuskarsa bango.

A gida Baiwa ta buɗe jakar, ta ga riguna biyu da farin dutse. Lokacin ta jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci a shekarar yunwa, waɗanda sai sun yi kwanaki a ruwa kafin su ciwu. Ta ɗauki dutsen ta danne faifan da ta rufe tukunyar da shi, saboda kaji.

Washegari yunwa ta kai Muntaka bakin tukunyar. Ya miƙa hannu zai ɗaga dutsen.

Baiwa ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Bai yi ba tukuna. Ka bar shi."

Ya janye hannunsa, ya zauna a ƙasa kusa da tukunyar, yana jira.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba kowane abu ne ake gyarawa da ƙari ba. Akwai amanar da riƙonta shi ne a bi abin da masani ya faɗa, a kame hannu, a tambaya in an ruɗe. Muntaka bai saci komai ba, amma gaggawarsa ta raba gidaje biyu da abinci a shekarar fari. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma wanda bai koyi jira yana da abin ci ba, zai koye shi da yunwa.